NNEWI, GARIN BABURA, DA TSADAR FENTIN HODA

Duk wanda ya shiga babbar motar dare a tashar New Road ta Sabon Garin Kano da niyyar zuwa ƙasar Ibo, in Allah ya kiyaye hanya, hantsi zai same shi a bakin Kogin Kwara. Motocin da kan bi ta Lakwaja da Okene da Auchi da Agbor sai sun haye gada a Asaba kafin su faɗa Anaca, ko dai tsohuwar gadar nan da aka gama a 1965, ko kuwa sabuwar da aka buɗe a 2023. Yawancin fatake a Anaca suke sauke jakarsu, don nan ce uwar kasuwanni. Amma akwai waɗansu da ba su ko tsayawa karin kumallo, sai su nemi ƙaramar mota su miƙi hanyar Owerri, su ratse a Oba, su nufi wani gari wanda bai fi kilomita 25 daga Anaca ba. Waɗannan su ne masu sayar da kayan gyaran babur, garin da suka nufa kuwa shi ne Nnewi, a cikin Jihar Anambra.

Tun kafin baƙo ya ga garin sosai kunnensa zai ba shi labari, gama ƙugin babura ba ya yankewa daga asuba har dare. Abin da kan ba mutumin Arewa mamaki kuwa shi ne masu tuƙin. Ga mace da goyo a baya da kwandon cefane a gaba tana murza babur ɗinta, ga malamar makaranta, ga dattijuwa ta sha ɗaurin ɗankwali za ta coci, kowacce da nata, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Abin ya zama jiki har ƙaramin babur ɗin nan na mata ana yi masa laƙabi da Nwanyi Nnewi, watau matar Nnewi. Ƙasar wurin ja ce, ga itatuwan kwakwar manja ko'ina, ruwan sama kuwa kan sauka tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta ƙare. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ruwa, don za a komo kansa.

Garin ya kasu manyan unguwanni huɗu, Otolo da Uruagu da Umudim da Nnewichi. Gidan sarauta yana Otolo, inda Igwe Kenneth Orizu na Uku ya hau gado a 1963. Ɗan garin ne Dokta Nwafor Orizu, shugaban Majalisar Dattawa a Jamhuriya ta Farko, haka kuma Sir Louis Odumegwu Ojukwu, attajirin nan da manyan motocinsa suka riƙa ratsa ƙasar nan tun kafin samun mulkin kai. Mota kuwa ba ta daɗewa a hanya sai da kayan gyara, saboda haka waɗanda suka bi sawunsa cikin sufuri suka koyi cinikin ƙarafa tun da wuri. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 mutane suka komo gida hannu rabbana, da yawa daga cikinsu fam 20 kaɗai suka samu daga ajiyarsu ta banki, waɗansu kuma gidajen da suka gina a garuruwan wasu suka salwanta. Wannan ya sa suka ƙudura cewa in za a sake kafa dukiya, to, a ƙofar gida za a kafa ta.

Hanyar da suka bi ita ce ta barantaka. Yaro ya zauna da ubangida shekara biyar ko bakwai, yana share shago yana dakon kaya yana haddace sunan kowane noti, ran da wa'adi ya cika ubangida ya sallame shi da jari ya buɗe nasa. Ta nan Cosmas Maduka da Cletus Ibeto da Innocent Chukwuma duk suka bi kafin su zama abin da suka zama. Daga baya 'yan kasuwar garin suka riƙa ɗaukar samfurin kayan Japan suna kai wa Taiwan a ƙera musu irinsa da araha, kana a cikin shekarun 1980, da shigo da kaya ya yi wuya, waɗansu suka sayo injunan ƙirar kansu suka kafa a Nnewi. Tun daga nan ake yi wa garin kirari da Japan ta Afirka.

KASUWAR NKWO

Makon Ibo kwana huɗu ne, Eke da Orie da Afo da Nkwo, kuma daga rana ta huɗun nan babbar kasuwar garin ta samo sunanta, ko da yake yanzu ba ta jiran ranar kafin ta ci. Sashen babura shi kaɗai gari ne. Layi ne bayan layi na shaguna masu cike da kwalaye har rufi, ga fistin da ringi, ga kafireto, ga sarƙa, ga salansa a rataye kamar kilishi, ga sababbin babura na Sin da na Indiya a cikin akwatunansu, yara suna zaune a ƙasa da sifana suna harhaɗa su, kafin mutum ya gama ciniki an tayar da guda. Masu baro suna ihu a ba su hanya. Hausa ma ana jin ta jefi-jefi, ko daga bakin fataken da suka zo sari, ko daga bakin masu shagon da suka yi zaman Kano ko Jos.

Wanda ya tsaya ya lura da yadda ake ciniki a nan zai ga wani abu guda. Mai saye ba shi da hanyar leƙa cikin ƙarfe. In an miƙo masa marfin inji ko silinda, sai ya jinjina nauyinsa, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, sa'an nan ya tsura wa launin ido, ya shafa da yatsa. Rabin hukuncin da zai yanke daga launin nan yake fitowa, fari mai ƙyalli ko baƙi mai sulɓi. Haka kuma ɗan acaɓar da zai saya a hannunsa a Funtuwa ko Mubi zai yi. Ashe ke nan fentin da ke jikin inji ba ado ne kawai ba, kuɗi ne, kuma ya kamata a san abin da ake biya.

Fenti iri biyu ne a wannan fage. Akwai na ruwa, wanda kowa ya sani, ko na gwangwanin feshi ko wanda ake damawa da tina a fesa da kwamfireso, a bar shi ya sha iska. Akwai kuma wanda ake kira fentin hoda, wanda shi ne abin magana a yau. Shi wannan busasshen gari ne lilis kamar hodar shafawa, haɗin wani irin ƙaro na roba da launi da sinadarin da ke sa shi ya daskare. Ba ruwa a cikinsa, ba tina. Wani Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ya nemi rajistar wata hanya ta shafa shi a 1953, sa'an nan a farkon shekarun 1960 aka fito da dabarar fesa shi da lantarki a Faransa, wadda ita ce ake bi har yanzu.

Dabarar kuwa mai ban sha'awa ce. Yaran makaranta sun san in an goga biro a gashin kai yakan ɗauki 'yan guntayen takarda. To, haka bindigar feshin take yi wa hodar, tana ɗora mata cajin lantarki mai ƙarfin da kan kai volt dubu 100, shi kuma ƙarfen an rataye shi an haɗa shi da waya zuwa ƙasa. Hodar na fitowa sai ta manne masa ta ko'ina, har tana zagayawa ta bayansa. A wannan hali ko hura ta aka yi da baki sai ta tashi. Sai an shigar da ƙarfen cikin tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200, ya yi minti 10 zuwa 20 bayan shi kansa ƙarfen ya ɗau zafin, kana hodar ta narke ta malale ta daskare ta zama fata guda, kaurinta kamar silin gashi ɗaya. In an yi aikin bisa ƙa'ida, fetur ba ya wanke ta, tsakuwar hanya ba ta ɓantare ta da sauƙi, ruwa kuma ba ya samun kafar shiga.

Nan ne batun ruwan sama ya komo. A ƙasar da ake wata bakwai ana tafka ruwa, ƙarfe yana tsatsa, alminiyam kuma, wanda da shi ake zuba marafan inji da kan silinda, yakan yi wani farin kumfa kamar kanwa, fentin gwangwani ya yi bororo ya ɓare. A Ikko da Fatakwal ga gishirin teku a cikin iska ya ƙara. A Arewa kuwa abokan gaba su ne rana da ƙurar hunturu. Hodar ma ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake kira efoksi ta fi jure mai da tsatsa, amma rana na dukanta sai ta koɗe ta yi fari kamar alli. Wadda ake kira foliyesta ita ke jure rana. Mai babur a Sakkwato da aka yi wa aiki da ta farkon ya yi asara, ko da mai aikin bai yi niyyar cuta ba.

INA KUƊIN YAKE TAFIYA?

Wanda ya ɗauki marfin inji ya je neman a yi masa fentin hoda, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne kuɗin da za a yanka masa, don zai ga abu bai fi faranti ba amma an kira abin da ya ninka na mai gwangwani sau da yawa. Zai zaci hodar ce mai tsada. Alhali kuwa ita ce mafi araha a cikin lissafin. Kilo ɗaya, in ba a yi ɓarna ba, yakan rufe fili mai murabba'in mita 8 zuwa 10, marafan injin ƙaramin babur kuwa duka biyu ba su kai rabin murabba'in mita ba. Watau abin da za su ci bai wuce cikin tafin hannu ba, wadda ta zube ƙasa ma a manyan wurare ana tattara ta a sake fesawa. Gaskiya ne yawancinta daga waje ake shigo da ita, kuma faɗuwar Naira, daga wajen 460 a kan dala ɗaya a watan Mayu na 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, ta ɗaga farashinta. Duk da haka ba ita ce ke cinye kuɗin ba.

Na fari dai sai an kwance injin. Ba a sa inji a haɗe cikin tanderu, gama duk wata roba da ke tare mai, da boris, da faki, da waya, wuta za ta lalata su. Wannan kuɗin bakanike ne, na kwancewa da na mayarwa, ga kuma sabon faki da sabon baƙin mai da tilas a saya, don tsohon faki ba ya komawa. Mutane da yawa sukan manta da wannan sashe sai an zo haɗawa.

Na biyu wanki da kankara. Hoda ba ta zama a kan tsohon fenti ko maiƙo, ko da na zanen yatsa ne. Sai an wanke giris, sa'an nan a yi wa ƙarfen ɓarin yashi ko garin gilashi da iska mai ƙarfi har ya koma tsirara. Aikin nan yana da haɗari biyu. Ɗaya ga mai yin sa, domin ƙurar yashi tana taruwa a huhu ta zama ciwon da ba shi da magani, abin da ya sa Ingila ta hana amfani da yashi a wannan aiki tun 1949, amma a nan ƙasar ba wuya a ga yaro yana yi da tsumma kawai a hanci. Ɗayan kuma ga injin. Akwai 'yan siraran hanyoyi a cikinsa da baƙin mai ke bi, in ƙwayar yashi ta maƙale a ciki ba a wanke ta ba, ran da aka tayar da babur sai ta bi mai ta cinye boris da fistin kamar samfefa. Mutum ya je neman kyau ya komo da mataccen inji.

Na uku, wanda ba kowa ya sani ba, shi ne alminiyam ɗin da aka zuba a mazubi yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar tukunyar ƙasa. Marfin da ya shekara biyar yana wanka da baƙin mai ya riga ya sha shi har ciki. In aka fesa hoda aka sa a wuta haka nan, sai man ya tafaso ya huda fentin, a fito da abu duk ƙuraje kamar mai ƙyanda. Maganinsa shi ne a fara gasa ƙarfen shi kaɗai, da zafin da ya ɗara na fentin, har man ya ƙone ya fita, a sake wankewa, kana a fesa. Ke nan tsohon marfi sau biyu yake shiga tanderu, sabo kuwa sau ɗaya.

Na huɗu rufe-rufe, kuma a nan ake gane gwani. Duk fuskar da faki zai kwanta a kai, da gurbin boris, da ramukan noti, da ramin fulogi, da inda wayar lantarki ke taɓa jikin inji, tilas a rufe su da wani irin tef da matosai waɗanda wuta ba ta ci. Kaurin silin gashi ba kome ba ne a ido, amma in ya hau fuskar faki inji zai riƙa yoyon mai, in ya shiga gurbin boris ba zai zauna ba, in ya shiga ramin noti sai an sake yanka shi. Marfi ɗaya yana iya cin rabin awa ana rufe shi, feshin kansa kuwa minti biyu ne.

Silinda ita ce ta fi ba da wahala. Ƙananan baburan da ake acaɓa da su iska ce ke sanyaya su, shi ya sa aka yi wa silindar fika-fikai jere kamar haƙoran mataji. Cajin lantarkin nan yakan sa hoda ta taru a bakin fika-fikan ta ƙi shiga lungunsu, mai gaggawa kuma sai ya yi ta ƙara feshi har ta yi kauri, ya yi wa injin bargo a inda ake so ya sha iska. Wuyan salansa kuwa zafinsa ya ninka na tanderun, hodar yau da kullum toyewa take yi a kansa. Wanda ya karɓi kuɗi ya ce zai yi wa salansa irin fentin marfi, ko dai bai san aikin ba ko ya san mai shi ba zai komo ba.

WUTA

Bayan ladan hannu, babban abin da ke cin kuɗi shi ne zafi. A ƙaddara ƙaramin tanderu ne mai cin kilowat 10, ya yi awa biyu yana aiki tsakanin gashin fari da na biyu. Ma'auni 20 ke nan na lantarki. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta mai da kuɗin ma'auni ɗaya Naira 225 ga waɗanda aka sa a rukunin farko, daga abin da bai kai Naira 70 ba. A wannan farashi wutar kaɗai ta tashi Naira 4,500. In kuwa da janareto za a yi, lita ɗaya ta man dizal ba ta ba da abin da ya wuce ma'auni uku da 'yan kai, saboda haka ana bukatar lita 6 ko 7, ga shi lita ta haura Naira 1,000 tun a ƙarshen 2023. Mai tanderu kuma ba ya iya dogara ga wutar gwamnati ita kaɗai, don in aka ɗauke ta a tsakiyar gashi fentin ba zai nuna ba, zai fito da kyan gani amma farce ma sai ya kankare shi. Cire hodar da ta riga ta kama kuwa ya fi cire fentin ruwa wuya nesa ba kusa ba.

Abin lura a nan shi ne tanderu bai san yawan abin da ke cikinsa ba. Marfi ɗaya aka rataya ko hamsin, wutar da zai sha kusan ɗaya ce, kamar dai mai gidan burodi da ba ya hura wuta saboda malmala guda. Canza launi ma aiki ne, sai an busa bindiga da bututu an share ɗaki, don ƙwayar ja ɗaya takan ɓata baƙi. Wannan ya sa masu aikin kan yanka mafi ƙarancin kuɗin da za su karɓa komai ƙanƙantar abu, ko su ce a jira ran da za su yi baƙi a haɗa da na wasu. A ƙasar nan kuwa yawancin irin waɗannan tanderu suna hannun masana'antun tagogin alminiyam da ƙofofin ƙarfe da kujerun ofis da akwatunan lantarki, a Ikko da sauran manyan garuruwa, kuma mai marfi biyu a cikin leda baƙo ne a wurinsu.

To, a nan ne Nnewi take shigowa da nata hukunci. Masana'antun Chongqing a ƙasar Sin, da na Bajaj a Indiya, dubban sassa suke ratayawa a sarƙa mai tafiya, su bi ta wanki su bi ta feshi su ratsa tanderu ba tsayawa, ƙarfen kuma sabo ne bai taɓa shan mai ba. Abin da fentin kowane guda ya ci bai taka kara ya karya ba. Sai ga shi sabon marfi da gasasshen fentinsa, ya hau jirgin ruwa an biya masa kwastan ya iso Nkwo, yana iya zama ya fi araha bisa ga a sabunta tsohon da ke hannu. Garin nan ya daɗe da sanin irin wannan lissafi. Innocent Chukwuma, mai kamfanin Innoson, ya lura cewa kwantena ba ta ɗaukar babur fiye da kamar 40 in a haɗe suke, amma in aka wargaza su tana ɗaukar fiye da 200, sai ya riƙa shigo da su a warwatse ana haɗawa a gida. Ya kuma musanya waɗansu sassan ƙarfe da roba, wadda da launinta take fitowa ba ta bukatar fenti. Zuwa wajen 2002 sabon babur da ake saye kusan Naira 150,000 ya faɗo zuwa wajen 60,000, cinikin tsofaffin babura na gwanjo ya karye. Shi ne kuma ya kafa masana'antar motoci a garin, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a 2010. Sai dai inji ba ya yiwuwa da roba, shi ya sa maganar fentinsa ba ta mutu ba.

Saboda haka ga ɗan acaɓar da ya karɓi babur bashi yana kai balas kowane mako, ga fetur da ya tashi tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Bayan kuɗin aikin, kwana uku ko huɗu da babur zai yi a kwance su ma asara ce, gama mai babur ba ya ɗage balas don ana fenti. Wanda abin zai yi wa rana shi ne mai riƙe da abin da kasuwa ba ta da madadinsa, kamar dattijon da ke lallaɓa tsohuwar Honda ko Vespa tun ta zamanin kuɗin Udoji, ko mai babban babur na ƙasar waje wanda marfinsa ɗaya sai an yi odarsa. Haka kuma kamfani mai baburan aike da yawa, wanda zai iya cika tanderu a tashi ɗaya. A wurin waɗannan kuɗin ba ɓarna ba ne.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗi, wanda ba a Nnewi kaɗai ake samunsa ba, duk inda ake sayar da tsohon inji yana nan. Tun da ido ke ciniki, marar tsoron Allah yakan wanke gajiyayyen inji da fetur, ya bi shi da gwangwanin feshi mai ruwan azurfa, ya jera shi a rana yana walƙiya. Gane shi ba wuya ga mai haƙuri. A masana'anta kowane sashe daban ake fentinsa kafin a haɗa, saboda haka in aka ga launi ya hau kan noti da gefen faki da robar waya, to, a haɗe aka fesa shi. In aka ɗiga tina a tsumma aka goga a wani lungu, fentin gwangwani zai biyo tsumman, gasasshe kuwa ba zai motsa ba. Hanci ma yana taimako, don sabon feshi yakan yi kwanaki yana wari.

Abu na ƙarshe da ya wajaba a duba shi ne lambar inji. A jikin ƙarfen ake buga ta, ba ta da zurfi, kuma hoda in ta yi kauri sai ta cike ta sarai. Mai aikin kirki yakan rufe wurin ko ya sassauta feshi a kansa. Tun da matsalar 'yan bindiga ta sa waɗansu jihohin Arewa suka taƙaita zirga-zirgar babura a 2021, jami'an tsaro a shingayen hanya sun ƙara sa ido a kan lambar nan, kuma babur ɗin da lambarsa ba ta karantuwa sunansa na sata har sai mai shi ya kawo shaida. Mutum yana iya biyan kuɗi mai yawa a yi masa aiki mai kyau, ya ƙare da kwana a ofishin 'yan sanda yana rantsuwa.

Da la'asar sakaliya kasuwar Nkwo takan canza murya. Masu shago suna jawo ƙofofin ƙarfe, yaran gida suna ƙirga abin da ya rage, masu baro kuma suna tururuwa zuwa inda motocin kaya suke lodi. Kowane kwali an ɗaure shi da igiya an rubuta sunan mai shi da garinsu da baƙin alƙalami, wannan Kano, wannan Gusau, wancan Yola, wani ma har Maraɗi. Fataken da suka iso da hantsi suna tsaye da takardar lissafi a hannu suna duba kada a bar musu ko ɗaya a ƙasa. In an gama lodi a ja tamfol a ɗaure saboda ruwa, direba ya duba taya, mota ta kama hanyar Oba, daga nan sai gada.